Buɗewar bakin yaro da haƙurinsa: me ya haɗa su?

Yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 da ke yawan birgima, cizo da jifa da kwano, a gida akan ce ƙiriniya ce ko taurin kai. Masana halayyar yara kuwa sun lura cewa sau da yawa kalmomi ne suka yi masa ƙaranci. Wanda ya iya cewa "ina jin yunwa" ko "ya ƙwace mini" yana da abin yi ban da kuka da duka.

Galibin yara kan faɗi kalmar farko wajen wata 12, su fara haɗa kalmomi biyu wajen shekara 2. Daga shekara 3 akan ji yaro yana magana shi kaɗai a wurin wasa. Masanin Rasha Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya bayyana cewa da wannan surutun ne yaro ke yi wa kansa jagora, kafin daga baya ya koma tunanin zuci.

A wani bincike da aka wallafa a 2013, Pamela Cole da abokan aikinta na jami'ar jihar Pennsylvania a Amurka sun bi yara 120 tun suna da wata 18 har shekara 4. An ajiye musu kyauta a naɗe, aka ce su jira minti 8 kafin su buɗe. Waɗanda bakinsu ya buɗe da wuri ba su cika fushi ba a shekara 4: sukan tambayi uwa cikin natsuwa, ko su shagala da wani wasa.

Magana ba ita kaɗai ce ke gyara hali ba, domin yunwa, rashin barci da yanayin gida duk suna da tasiri. Sai dai hira da yaro, tatsuniya da faɗa masa sunan abin da yake ji, kamar fushi ko tsoro, suna taimakawa. Jin Hausa a gida da Faransanci a makarantar renon yara ba ya jinkirta magana.

Yaron da ya cika shekara 2 bai faɗin kalma ko ɗaya, ko bai waiwayowa in an kira shi, a kai shi asibiti a duba kunnensa, musamman in ya taɓa yin sanƙarau, cutar da kan bar kurumta.