Wasannin Dariya na Farkon Talabijin: Wanne Ya Wanzu, Kuma Don Me?

Akwai wata magana da ta shahara a bakin masu nazarin adabi, har ta kusa zama abin ittifaƙi a tsakaninsu, cewa zamani alƙali ne mai adalci, wanda idan aka bar masa ayyukan mutane zai duba su a tsanake, ya tabbatar da mai kyau, ya kori marar kyau. Magana ce mai daɗin ji, musamman ga wanda aikinsa ya tsira. Amma duk wanda ya bi tarihin wasannin ban dariya da aka nuna a talabijin a Amurka da Ingila daga 1946 zuwa ƙarshen shekarun 1960, watau irin wasan nan na rabin sa'a wanda mutane ƙalilan ke dawowa mako-mako cikin gida ɗaya ko wurin sana'a ɗaya, su faɗa wata rikita-rikita su fita kafin lokaci ya cika, zai tarar cewa alƙalin nan ya yanke hukunci alhali da yawa daga masu ƙara ba a ko bar su sun shiga zauren shari'a ba.

Dalili kuwa shi ne, a farkon al'amari kome kai tsaye ake watsa shi, abin da kamara ta gani shi mai kallo ke gani a daidai wannan daƙiƙa, in ya wuce ya wuce ke nan; ba a sami na'urar naɗar hoto a kan tef ba sai 1956, sa'ad da kamfanin Ampex ya fito da tasa. Kafin nan dabara ɗaya ake da ita, wadda ake kira kiniskof, a kafa kamarar fim a gaban gilashin talabijin ta ɗauki abin da ke fitowa, a sami hoto dishi-dishi wanda ba mai son kallonsa sai in ba makawa. Saboda haka Pinwright's Progress, wanda BBC ta nuna a 1946 da 1947, labarin wani mai kanti da rigingimunsa, wanda ake lissafa shi na farko a wannan fanni, babu ko kashi ɗaya nasa da ya rage. Haka nan Mary Kay and Johnny, da aka fara a Niyok a 1947: miji da mata ne na haƙiƙa suke fitowa a matsayin miji da mata, da matar ta sami juna biyu a 1948 aka shigar da cikin a labarin, jaririn ma aka fito da shi, yau abin da ya saura daga shekarunsu uku bai taka kara ya karya ba.

To, wannan siffa tasu ita ce siffar I Love Lucy, wanda bayan shekara saba'in da ɗoriya ba a daina nuna shi ba. Abin da ya fara raba su ba hikimar marubuta ba ce, jayayya ce a kan mazauni. A 1951 mafi yawan akwatunan talabijin suna gabashin Amurka ne, don haka kamfanin taba na Philip Morris, wanda zai ɗauki nauyin shirin a tashar CBS, ya so a yi shi a Niyok kai tsaye. Lucille Ball da mijinta Desi Arnaz, ɗan asalin Kyuba, suka ce ba su barin Los Anjalis. Kamfanin kuwa ya ƙi yarda masu sayen tabarsa na gabas su kalli kiniskof. Mafitar da aka samu ita ce a ɗauki wasan a kan fim mai faɗin milimita 35, irin na sinima, da kamara uku lokaci ɗaya, a gaban 'yan kallo na gaske, aka kuwa ɗauko Karl Freund, gwanin ɗaukar hoto wanda ya yi aikin fim ɗin Metropolis a Jamus, ya tsara hasken da zai dace da kamarorin uku gaba ɗaya. Da aka yi ƙorafin tsada, ma'auratan suka yarda a rage musu dala 1,000 kowane mako, bisa sharaɗin faya-fayan su zama mallakar kamfaninsu, Desilu. CBS ta amince ba tare da dogon tunani ba, domin a wancan lokaci ba wanda ya zaci wani zai zauna ya kalli abin da ya riga ya gani. Da Lucille Ball ta tafi hutun haihuwa aka maimaita waɗansu tsofaffin kashi, jama'a suka kalla ba ƙyashi. Bayan 'yan shekaru CBS ta sayi faya-fayan nan da ta sallama, a kan kuɗi fiye da dala miliyan 4.

Abin lura a nan ya wuce kyawun hoto. An sami mai dukiya wanda wanzuwar wasan ita ce ribarsa, wanda zai bi tasha-tasha da ƙasa-ƙasa yana tallarsa. A Ingila akasin haka aka yi. Tef yana da tsada, yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaici, zuwan hoto mai launi kuma ya zubar da darajar baƙi-da-fari a idon ma'aikata, sai BBC ta riƙa goge tef tana sake naɗa wani abu a kai, ba ta kafa tsayayyar ƙa'idar adanawa ba sai 1978. Kashi 26 daga cikin 63 na Hancock's Half Hour sun salwanta, waɗansu kashi na Steptoe and Son kuwa ba su tsira ba sai don marubutansa, Ray Galton da Alan Simpson, sun ajiye kwafe na kansu. Wani abin da aka rasa a Landan a ƙasashen da aka sayar wa ake tsinto shi. Mutanen Jos za su tuna cewa a garinsu ne aka gano kashi tara na Doctor Who, aka yi shelar haka a 2013, ko da yake shi ba na ban dariya ba ne.

Sai dai wanda ya tsaya nan ya ce adanawa da mallaka su ne dukan sirrin, ya cakuɗa abu biyu da malaman usulu suka daɗe da rarrabewa, watau sharaɗi da sababi. Sharaɗi shi ne abin da rashinsa ke hana samuwar hukunci, amma samuwarsa ba ta wajabta kome. Fim da mai tallarsa sharaɗi ne kawai. Hujja kuwa ga ta a fili. The Adventures of Ozzie and Harriet an ɗauke shi a kan fim, ya shekara 14 a tashar ABC, daga 1952 zuwa 1966, ya tara kashi 435, amma yau sunansa ya fi fitowa a littattafan tarihi a matsayin alamar wani zamani fiye da a gaban mai neman dariya. The Honeymooners kuwa kashi 39 rak aka ɗauka a 1955 da 1956, shirin mawaƙi Perry Como na NBC yana janye masa 'yan kallo, ga shi nan har gobe ana maimaita shi, har an kafa wa gwarzonsa mutum-mutumi a bakin babbar tashar motoci ta Niyok a 2000.

Abin da na rinjayar shi ne, sababin yana cikin buri: wasan da ke wanzuwa shi ne wanda aka gina a kan mutum mai tsananin son wani abu da tsarin rayuwarsa ba zai taɓa ba shi ba. Ralph Kramden na The Honeymooners, wanda Jackie Gleason ya fito a matsayinsa, direban bas ne mazaunin Buruklin, albashinsa dala 62 a mako, ɗakinsa ba kome sai tebur da kujeru da tsohon akwatin ƙanƙara da taga mai kallon bangon maƙwabta, ɗaki wanda Gleason ya kwaikwayo daga gidan da shi kansa ya tashi. Kowane mako yana da sabuwar dabarar yin arziki dare ɗaya, kowane mako ya jawo amininsa Ed Norton, ma'aikacin magudanar ruwa, su zuba 'yan kuɗin da ke akwai, matarsa Alice ta gaya masa gaskiya tun da fari, ya daka mata tsawa yana kaɗa dunƙulallen hannu ita ko gezau, daga bisani ya dawo da kunya ya ba ta haƙuri. Mai kallo ya san ƙarshen tun kafin a fara, kuma sanin nan ba ya rage daɗi, bal ma shi ne daɗin, domin ba labari ake bi ba, hali ake kallo, labari kuwa sau ɗaya ake jinsa ya ƙare, hali ba ya ƙarewa. Ita ma Lucy haka take: mijinta mawaƙi ne a gidan rawa, ita tana son fitowa dandali, shi yana son ta zauna gida, kuma daga wannan ƙulli ɗaya marubutanta suka warware kashi 180. Ranar da ita da ƙawarta Ethel suka kama aikin naɗe cakulan a masana'anta, bel ɗin da ke kawo shi ya ƙara gudu, suka rasa yadda za su yi sai cusawa a baki da hula da cikin riga, ba a bukatar sanin Turanci ko sanin Amurka ta 1952 kafin a yi dariya. Duk wanda aiki ya taɓa fin ƙarfinsa alhali shugaba na tafe ya san abin da ake ciki. A Steptoe and Son burin ya fi ɗaci, domin ɗa ne wanda ya fara manyanta yana sana'ar jari-bola da keken doki tare da tsohon ubansa, yana mafarkin ilmi da wayewa da aure, uban kuma ba ya rasa makircin da zai tsare shi. Ƙullin ya yi ƙarfin da aka ɗauke shi zuwa Amurka a 1972, aka sake masa suna da launin fata ya zama Sanford and Son, bai kwance ba.

Gidan Ozzie fa? Kowa ya ƙoshi, kowa yana son kowa, matsalar mako ba ta wuce ta ɗan rashin fahimta, har ya zama abin zolaya cewa ba a taɓa bayyana aikin da maigidan ke yi ba. Wasa ne da aka yi don ya kwantar wa mutanen zamaninsa da hankali, ya kuwa yi. Da zamanin ya wuce, bukatar ta tafi da shi.

Mai i'itirali zai ce, ai wannan zagaye ne: abin da aka yi ta nuna wa mutane suna yara shi suka saba da shi, sabo ya zama ƙauna, sa'an nan masana suka zo daga baya suna nema wa ƙaunar dalilai. Akwai gaskiya a ciki, kuma ita ce ta hana a yi wa irin su Mary Kay and Johnny hukunci ko da wane iri. Amma i'itiralin bai game kowa ba, domin I Married Joan da My Little Margie, waɗanda aka yi daga 1952 zuwa 1955, su ma a kan fim suke, su ma an yi ta maimaita su da rana shekara da shekaru a gaban yara da matan gida. Sun sami damar sabo daidai gwargwado, aka wayi gari tashoshi sun ajiye su domin masu kallo sun daina nema. A ƙasarmu ma ana iya gwada ma'aunin a kan Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja, wanda ya yi tashe a talabijin ta Kaduna tun shekarun 1970: mutum ne da ke tsakanin hafsoshi a sama da kurata a ƙasa, yana neman kwarjinin da harshensa, gaurayen Hausa da Turancin bariki, ke rushewa duk sa'ad da ya buɗe baki. Shi ya sa waɗanda suka gan shi suke riwaito shi da ka har yau; isarsa ga jikokinsu kuwa ta rataya ne a kan abin da aka adana, domin riwayar baki tana ɗaukar suna da 'yar magana, ba ta ɗaukar motsin fuska.

Saura wani wasa wanda ya cika sharaɗi, ya kuma sami sababi, duk da haka ya ɓace, domin abin da malaman usulu ke kira mani'i ya gitta masa. Amos 'n' Andy ya fito daga rediyo, inda farar fata biyu, Freeman Gosden da Charles Correll, suka shekara fiye da ashirin suna kwaikwayon muryar baƙar fata. Da aka kawo shi CBS a 1951 sai aka ɗauki ƙwararrun 'yan wasa baƙar fata, aka ɗauke shi a kan fim, ga kuma Kingfish, wanda Tim Moore ya fito a matsayinsa, madamfari mai burin kuɗi wanda bai gaza Ralph Kramden ba. Ƙungiyar NAACP mai fafutukar haƙƙin baƙar fata ta yi tir da shi tun shekarar farko, hujjarta kuwa ita ce yana nuna mutanenta a matsayin malalata da wawaye da 'yan damfara, lauyansu ma abin dariya ne. Ƙarfin hujjar yana ga yanayin lokacin: farar fata yana da Ralph, yana kuma da likita da alƙali da mai karanta labarai a akwati ɗaya, baƙar fata kuwa kusan ba shi da wata fuska a talabijin sai wannan. An tsai da shirin a 1953, aka ci gaba da sayar da maimaicinsa ga tashoshi har 1966, sa'ad da CBS, mai riba da wanzuwarsa, ta janye shi da hannunta. Waɗansu daga 'yan wasan, kamar Alvin Childress, sun kare shi har ƙarshen rayuwarsu, suna cewa a cikinsa ne aka ga baƙar fata 'yan kasuwa da ma'aikata a lokacin da sauran shirye-shirye ba su san su ba sai a matsayin barori. Spencer Williams, wanda ya fito a matsayin Andy, ya rasu a 1969 ana saninsa da wannan rawa kaɗai; sai a 1991 aka shigar da fim ɗin da ya rubuta ya kuma shirya da kansa tun 1941, The Blood of Jesus, cikin kundin finafinan da gwamnatin Amurka ta ɗauki alkawarin adanawa.