Ceton marayun namun daji

Ceton marayun namun daji shi ne ɗaukar dabbar dawa da ta ji rauni ko ta rasa uwa, a yi jinyarta, a raine ta har ta iya kiwata kanta, sannan a mayar da ita daji. Sakin shi ne ma'aunin aikin. Dabbar da ta warke amma aka ɗaure ta da sarƙa a tsakar gida, kamu aka yi mata, ba ceto ba.

A ƙasar noma ta Danja, Funtuwa da Malumfashi, marayun kan fito ne daga ƙunar daji da farautar rani, da kuma sharar gona gab da damina. Cikin waɗanda ake tsinta akwai 'ya'yan zomo, kurege, bushiya da jan biri.

Ba duk ɗan da aka tarar shi kaɗai ne maraya ba. Zomanya takan bar 'ya'yanta lafe cikin ciyawa yini guda, sai dare ta zo ta shayar da su; gada ma haka take ɓoye ɗanta. Idan ba jini, ba karaya, jikin kuma da ɗumi, barinsa a wurin shi ne taimako.

Lamarin jan biri ya fi wuya. Jaririnsa a manne yake da cikin uwa, don haka wanda aka gani ana tallarsa a bakin titi, galibi sai da aka kashe uwar. Yana ƙarami abin sha'awa ne. Da ya kai shekara huɗu zuwa biyar, namijin ya yi fiƙoƙi, sai cizo ya fara, kuma bai san zaman garke ba balle ya rayu a daji. Saboda haka ake haɗa marayun birai da 'yan'uwansu tun da wuri. A kan wannan tsari Liza Gadsby da Peter Jenkins suka kafa cibiyar Drill Ranch a Kalaba a 1991, domin marayun biran kurmi.

Taimakon farko ɗumi ne da duhu da shiru: kwali mai huji, da tsumma a ciki. Ba a ɗura wa dabba mai sanyin jiki abinci, domin takan shaƙe, kuma nonon saniya na sa bushiya zawo. Ana kamu da safar hannu ko buhu. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti saboda cutar haukan kare. 

Dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka gyara a 2016, ta taƙaita farauta da cinikin jinsunan da ta lissafa. A 2020 gwamnati ta amince dajin Kogo na jihar Katsina ya shiga jerin gandun dajin ƙasa. Wanda ya tsinci dabba mai rauni ya tuntuɓi malamin dabbobi ko malamin daji na ƙaramar hukuma. Karaya da manyan raunuka kuwa aikin asibitin koyarwa na dabbobi ne na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.