BAYANI: Abin da ke faruwa idan aka sa wa ƙaramar mota faffaɗar taya

A Hayin Banki da maƙwabciyarta Kawo, inda hanyar Zariya ke shigowa birnin Kaduna, ba wuya a ga ƙananan motoci irin su Golf, Corolla da Peugeot 206 sanye da tayoyin da suka fi waɗanda kamfani ya sa masu faɗi. Wasu don kwalliya suke yi, wasu don sun ji an ce mota ta fi zama daram a kan kwalta, wasu kuwa girman da suka tarar a wurin mai faci ke nan. Sai dai faɗin taya lissafi ne da ke ɗaure da rim, da birki, da shan mai, da nauyin da mota ke ɗauka.

Yadda ake karanta lambobin taya

Kowace taya na ɗauke da bayaninta a jikinta. Idan aka ga 175/65 R14, girman da yawancin Peugeot 206 ke zuwa da shi, lambar farko na nufin faɗin tayar milimita 175 ne. Ta biyu na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 ne na faɗin, wato kusan milimita 114. Ta ƙarshe kuma girman rim ce, inci 14. Bayan waɗannan akwai lambar nauyi da harafin gudu: 91 na nufin taya ɗaya za ta iya ɗaukar kilo 615, harafin T iyakarsa kilomita 190 a awa, H kuma 210. Girman da kamfani ya amince da shi, tare da awon iska, yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai.

Inda lissafi ke karkacewa

Tun da tsayin gefe daga faɗi ake ƙirga shi, duk wanda ya ƙara faɗi ya bar lambar tsakiya yadda take, ya ƙara wa tayar tsayi ke nan. Tayar 175/65 R14 tsayinta daga ƙasa zuwa sama milimita 583 ne. Idan aka musanya ta da 195/65 R14, ya koma 609, ƙarin kashi huɗu da rabi cikin 100. Agogon gudu juyin taya yake ƙirgawa, saboda haka gudun da a da yake kilomita 100 a awa zai koma kusan 105 ba tare da allurar ta nuna bambanci ba. Dokar hanya ta Najeriya kuwa ta ƙayyade wa ƙananan motocin gida kilomita 100 a kan tagwayen hanyoyi, motocin haya 90.

Shi ya sa masana harkar taya ke cewa kada bambancin tsayi ya wuce kashi 3 cikin 100. Mai son faɗin 195 sai ya rage lambar tsakiya: 195/60 R14 tsayinta milimita 590 ne, kusa da na asali.

Shi ma rim yana da iyakarsa. Mai faɗin inci biyar da rabi ya fi dacewa da taya 175 ko 185, kuma 195 ce ƙarshen abin da ake ɗora masa. Idan aka zarce haka, gefen tayar zai kumburo, tsakiyarta ta riga sauran cinyewa, ta riƙa lanƙwashewa a kwana. Tana kuma iya gugar jikin mota idan aka murɗa sitiyari har ƙarshe, ko aka yi lodin fasinja da kaya.

Riba da hasara

Faffaɗar taya mai kyau takan ƙara kama busasshiyar kwalta, musamman a kwana. Amma da damina, wadda a Kaduna ta fi ƙarfi a watannin Agusta da Satumba, ruwan da za ta ture daga gabanta ya fi yawa. Idan zanenta ya suɗe, sai ta hau saman ruwa, birki da sitiyari su daina jin magana. Nauyinta da tirjiyarta kuma na ƙara shan mai, abin da direbobi ba sa wasa da shi tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023.

Masu canza rim gaba ɗaya zuwa inci 15 su sa 195/50 suna daidaita tsayi, amma gefen tayar ya ragu zuwa milimita 98. Robar da ke shanye dukan rami ta yi ƙaranci ke nan, kuma a titin unguwa mai gargada abin kan ƙare da ƙullutu a gefen taya ko lanƙwasasshen rim.

Daga ina tayoyin ke zuwa?

Najeriya ta taɓa ƙera tayoyinta. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙerawa a Ikeja a 2008, a lokacin da tsadar wutar lantarki da kwararowar tayoyin waje suka durƙusar da harkar. Tun daga nan kasuwa ta dogara da shigowa da su daga ƙetare. Tayoyin hannu na ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, amma duk da haka ana sayar da su a fili a bakin tituna.

Nan ne haɗarin ya ninka. Sabuwar faffaɗar taya ta fi siririya tsada, don haka mai ƙaramin ƙarfi kan koma ga ta hannu, wadda ta riga ta ci rabin rayuwarta a wata ƙasa. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT su ke faɗin shekarunta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka ƙera ta.

Fashewar taya ba ta duba muƙami. A ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar bayan motarsu ta fashe suna cikin gudu.

Abin da ya kamata a duba

Kafin a biya kuɗi, a gwada lambobin sabuwar tayar da waɗanda ke jikin ƙofa, a tabbatar lambar nauyi ba ta gaza ta asali ba, kuma tayoyin dama da hagu girmansu ɗaya ne. Zurfin zane kada ya gaza milimita 1.6, ma'aunin da ƙasashen Turai suka mayar doka. Bayan an ɗaura, a murɗa sitiyari dama da hagu har ƙarshe, mota na ɗauke da nauyinta, a ga ko akwai inda take guga. Tsakanin sabuwar taya mai girman asali da faffaɗa ta hannu, ta farko ce ta fi kare rai, ta kuma fi sauƙi ga aljihu idan tafiya ta yi nisa.