Daga Kaset Zuwa Memori: Taƙaitaccen Tarihin Masu Turi A Kano

Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san kasuwa ce ta atamfa, shadda da leshi, to amma akwai wata haja da ta daɗe tana yawo a tsakanin rumfunanta ba tare da an auna ta da yadi ba, wato waƙa. Yaran shago, 'yan dako da fataken da ke zuwa sari daga Nijar, Chadi da Kamaru, kowa da irin tasa, kuma yadda take isa kunnuwansu tarihi ne da ya kamata a rubuta.

Iyayenmu da faifan garmaho suka fara, shi kuwa sai mai hali, don haka talaka ya dogara da Rediyon Kaduna in yana son jin Shata ko Ɗanƙwairo. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, da rikoda ta yi araha a shekarun 1970 zuwa 1980 sai al'amari ya sauya, domin kaset ana iya kwafarsa. Mai rikoda mai baki biyu zai ɗauko maka waƙa daga wani kaset zuwa naka, in zaren ya harɗe ka sa biro ka naɗe. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kaset, na waƙoƙin Indiya, na wa'azi, na 'yan bandiri, daga baya kuma na finafinan Hausa bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Lokacin da Sangaya ya fito a 1999 da kiɗan fiyano, ba lungun da ba a jin waƙarsa.

Can a Jamus kuwa masana sun ƙirƙiro tsarin MP3, wanda ke matse waƙa ta zama 'yar ƙarama yadda kwamfuta za ta haɗiye dubbai. Mu nan bai shafe mu ba sai bayan zuwan wayar salula a 2001. Wayoyin farko kira da saƙo kawai suke yi. Da 'yan Chana suka shigo, masu layi biyu da lasifika mai ƙarar tsiya da ramin memori, sai ga sabuwar sana'a ta tsiro. Saurayi zai samu tebur, lema, kwamfuta ta hannu da ƙaramin janareta, ya kafa a Titin Beirut da ke dab da Kwari, ko Bata, ko Farm Centre. Su ne masu turi. Zai juye waƙa daga faifan CD ko tsohon kaset zuwa kwamfuta, ya kasa ta gida-gida: na Shata daban, na finafinai daban, ƙasidu daban, karatun Alƙur'ani daban. Ka miƙa memorinka, ka biya abin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba, a cika maka. Daga nan ka tura wa abokinka ta Bluetooth, shi ma ya tura wa maƙwabcinsa, kafin la'asar waƙa ta zaga layi guda na Kwari.

Ƙarfin wannan hanya ya fito fili ne a rikicin da ya biyo bayan 2007, lokacin da aka naɗa Malam Abubakar Rabo shugaban Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano. Mu marubuta ba za mu manta da shekarar ba, don a cikinta aka cinna wa littattafanmu wuta a bainar jama'a. Mawaƙa suka shiga mayar da martani, kuma da yake ba damar bugawa a faifai a kai kasuwa, sai waƙoƙin suka bi ta waya. A watan Yunin 2009 kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Hasbunallahu ta Aminu Ala, a watan Yuli kuma aka kama shi. Sai dai kaset ake ƙwacewa, shago ake rufewa. Wa zai bi aljihun kowane ɗan acaɓa yana bincike? Haramcin ma ya zama talla, wanda bai taɓa jin waƙoƙin ba ya shiga nemansu.

To amma kowane allazi da nasa amanu. Turin da ya ceci muryar mawaƙi shi ne ya huda masa aljihu. A zamanin faifai, ko da masu satar fasaha, ɗan kasuwa kan biya kafin ya buga. Da turi ya kankama, kwafi ɗaya ya isa gari guda, rumfunan kaset suka riƙa rufewa, mawaƙa suka koma dogaro da biki da siyasa. Mu ma gobarar ta laso mu, domin littafin da ka yi wata shida kana rubutawa sai ka tsince shi a waya, ba kwabo, wani lokacin har an goge sunanka.

Yau akwai Xender da WhatsApp, akwai Boomplay da Audiomack, Spotify ma ya shigo Nijeriya a 2021. Duk da haka teburin mai turi bai mutu ba, saboda data na da tsada, sabis ba ko'ina ba, kuma bafataken da zai kwana a hanyar Damagaram ya fi yarda da abin da ke cikin memorinsa.

Abin da ke damuna shi ne, da yawa daga tsofaffin waƙoƙinmu da aka kwafo daga kaset suna zaune ne a kwamfutocin waɗannan samari, ba suna daidai, ba shekara, wasu an liƙa musu sunan wani mawaƙin. Ranar da kwamfuta ta ƙone, shi ke nan. Ina kira ga jami'o'inmu da gidajen rediyo su bi teburan nan su tattara, su tantance, su adana, sannan a nemo hanyar da magadan mawaƙan za su amfana. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace, amin.