Kare da kayan ciki: tsutsotsi biyu da ya kamata masu sana'ar kifi da nama su sani

Duk wanda ke cin abinci da kifin banda ko nama a Legas, Ibadan, Anacha ko Fatakwal ya san sunan Nguru da Gashuwa. Garuruwan biyu suna gefen dausayin da kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa a cikinsa kafin su haɗu su zama kogin Yobe, wanda ya bi ta Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. Tun 1930 da layin dogo ya isa Nguru daga Kano ake gangaro da dabbobi da fatu da nama zuwa Kudu, yau kuma manyan motoci ke kawo mana kwalayen kifi.

To, duk inda ake gyaran kifi ko fiɗar dabba akwai abin da ake zubarwa, kuma kusan kullum akwai kare a gefe yana jira. Na tattaro a nan abin da masana suka tabbatar kan tsutsotsi biyu da ke bin wannan hanya su dawo kan mutum, wato kurkunu da tsilar kare.

Kurkunu: yadda ya koma jikin karnuka

Manya daga cikinmu sun san kurkunu. Mutum ya sha ruwan tafki mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwarin ruwa da suka haɗiye 'ya'yan tsutsar. Bayan wata 10 zuwa 14 sai bororo ya fito, galibi a ƙafa, da zafi kamar wuta. Macen tsutsar, wadda kan kai mita ɗaya, ta leƙo. Da mutum ya tsoma ƙafar a ruwa don jin sanyi sai ta zuba dubban 'ya'ya, a sake sabon lale. Babu allurar rigakafi, babu ƙwayar magani, sai dai a riƙa naɗe ta a tsinke a hankali, wani lokaci har makonni.

A 1986, shekarar da Cibiyar Carter ta shiga yaƙi da cutar, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara. Najeriya kaɗai ta ƙirga sama da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980. Janar Yakubu Gowon ya yi ta zagaya ƙauyuka kan wannan aiki. An ga mai cutar na ƙarshe a ƙasar nan a jihar Inugu a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da kurkunu. A 2022 mutum 13 kacal aka samu a duk duniya.

Sai ga wani abu daga Chadi. Bayan shekara goma ba a ji ɗuriyar cutar ba, ta sake ɓulla a 2010, kuma a 2012 aka fara ganin ta a ƙafafun karnuka a ƙauyukan masunta na bakin kogin Shari. A 2019 karnukan da suka kamu a can sun kusa 2,000. Gwajin ƙwayar halitta ya nuna tsutsa ɗaya ce da ta mutum.

Abin da bincike ya gano

Masana sun lura cewa cutar ta fi tashi a jikin karnuka daidai lokacin babban su na ƙarshen rani, lokacin da ake zubar da hanjin kifi da ƙananan kifaye ko'ina. A 2016 aka ba da rahoton samun 'ya'yan kurkunu a jikin wani kwaɗo a Chadi. A 2017 wani gwaji a Jami'ar Jojiya ta Amurka ya nuna ƙananan kifaye na iya cin ƙwarin ruwan nan su miƙa cutar ga dabbar da ta cinye su ɗanyu. Masanan Jami'ar Ekseta ta Ingila kuma suka ɗaura wa karnuka na'urar bin sawu, suka auna gashin bakinsu don gane irin abincin da suke ci. Sakamakon da suka wallafa a 2021 ya nuna karen da ya fi cin kifi ya fi shiga haɗari. Sun kuma gano cewa gidan da ke ajiye wa karensa ruwan sha, cutar ba ta cika kama shi ba.

Kan haka aka sa masunta binne ko ƙona kayan ciki, ana ɗaure karnuka a watannin haɗari, ana zuba maganin Abate a tafkuna. Adadin karnukan da ke kamuwa a Chadi ya sauko zuwa 'yan ɗaruruwa, sai dai cutar ta bayyana a karnukan arewacin Kamaru, kusa da kogin Logon.

Kada a yi mini mummunar fahimta: takardar shaidar Najeriya tana nan daram, har da Yobe. Amma kogin Shari da kogin Yobe tafki ɗaya suke zuba ruwa, masunta da makiyaya na kai da komo, kuma rayuwar fadamun Nguru da ƙasar Bade, da tafkunan da ke janyewa da rani, ta yi kama da ta can. Kare ɗaya mai kurkunu ya isa ya gurɓata tafkin da gari ke sha.

Tsilar kare: wadda take tare da mu yanzu

Ta biyun ba sai an tsallaka iyaka ba. Mahauta sun sha ganin ta: a buɗe huhu ko hantar raƙumi, saniya ko tunkiya a tarar da ƙullutu cike da ruwa garai-garai. Sau da yawa a yanke wurin a jefa wa kare. Nan ne matsalar take.

A cikin ƙullutun akwai dubban kawunan tsutsa. Idan kare ya ci, sai su zama 'yar tsila a hanjinsa, tsawonta bai wuce milimita 6 ba, kuma karen ba ya nuna wata alamar ciwo. Ƙwanta na fita ta kashinsa, ya manne a gashinsa, ya faɗa ciyawa, ruwa da ganyen lambu, ya kuma yi watanni bai mutu ba. Dabba ta ci ciyawar, ƙullutu ya fito mata. Mutum ma idan ƙwan ya shiga bakinsa haka zai samu. Binciken da aka yi a mayankan Kano, Sakkwato da Maiduguri ya nuna raƙumi ya fi sauran dabbobi ɗaukar ta.

A jikin mutum ƙullutun kan yi shekaru yana girma shiru. In a hanta yake, sai ciwon ciki da tashin zuciya da amai. In a huhu ne, sai tari mai daɗewa da ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi. Idan ya fashe yana iya kisa. Da hoton ciki ake gano shi, maganinsa kuwa albendazol ne na tsawon lokaci, ko zuƙe ruwan da allura a asibiti, ko tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan ɗaya ke fama da wannan dangin cuta a kowane lokaci.

Wani zai ce, ai ni ba na kiwon kare. Gaskiya ne, amma karen maƙwabci, na mafarauta da wanda ke yawo a bayan kwata ba sa neman izini kafin su bi ta inda yaranmu ke wasa.

Kayan da muke sayarwa fa?

Kifin da ya sha wuta ya bushe sosai ba ya ɗauke da kurkunu mai rai, haka wanda ya dahu a tukunya. Tsilar kare kuma ba ta kama mutum ta cin nama, ta ƙwan da ke kashin kare take shiga. Don haka babu dalilin gudun kifin Gashuwa ko naman Arewa. Abin lura yana wurin gyara da fiɗa, can gida da nan Kudu.

Abin yi

Ga masunta da masu banda: a haƙa rami a binne kayan cikin kifi, ko a ƙona. Kada a bar wa kare ɗanye.

Ga mahauta, daga Nguru har Agege da Bodija: huhu ko hanta mai ƙullutu a nuna wa likitan dabbobi, a ƙona ko a binne da zurfi. Sarakunan fawa su sa ido. Haka ma ranar layya, da kowa ke yanka a ƙofar gidansa.

Ga mai kare: a ba shi dafaffen abinci da ruwa mai tsabta, a kuma kai shi a ba shi maganin tsila mai suna furazikwantel aƙalla sau huɗu a shekara.

Ga kowa: wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, da wanke latas da kabeji da kyau.

Wanda kuma ya ga farar tsutsa kamar zare tana fitowa daga ƙafar mutum ko ta kare, kada ya bari ƙafar ta taɓa ruwan tafki. A ɗaure karen, a sanar da asibiti mafi kusa a ranar. Idan za ku buga waya gida a makon nan, ku isar da wannan saƙo ga 'yan uwa da ke bakin ruwa. Allah Ya tsare mu baki ɗaya.