Wa ya raɗa maka @sunanka? Zare kan tarihin sunan shiga

1/ Jama'a, sunan nan da kuke sa wa @ a gaba ya girmi iyayen wasunmu. Ni aikina kula da saba ne, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da asusun ma'aikata. Wata katoɓara da na tafka ce ta sa na bi diddigin abin. Ku biyo ni.

2/ A 1961, a jami'ar MIT da ke Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka fito da tsarin CTSS: kwamfuta ɗaya, mutane da yawa a lokaci guda. Sai tambaya ta taso, wannan fayil na wa ne? Aka ba kowa asusunsa da kalmar sirri.

3/ Ba a je ko'ina ba aka yi ta'asa. A 1962 wani ɗalibi, Allan Scherr, ya ga awa 4 da ake ba shi a mako ba ta isarsa. Kawai ya sa na'urar ta buga masa fayil ɗin kalmomin sirrin kowa a takarda, ya riƙa shiga da sunayen mutane. Kun ga satar asusu ba yau farau ba.

4/ A 1969 aka soma Unix a Bell Labs. Sunan shigar Ken Thompson "ken", na Dennis Ritchie "dmr". Duk sunaye na cikin fayil ɗaya, /etc/passwd, kowa da layinsa. Shekara da shekaru suna ba ya wuce harafi 8, shi ya sa ake guntule shi.

5/ To ga sirrin: na'ura ba ruwanta da sunanka, lamba ta sani, ana ce mata UID. Sunan don mu 'yan Adam ne. Sarkin gida shi ne "root", lambarsa 0. Ka ba ko wa lamba 0, ya zama sarki ko me sunansa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kai.

6/ A 1971 Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a ARPANET. Ya ɗauki @ ya raba sunan mutum da sunan na'ura: wane a wuri kaza. Daga nan sunan shiga ya zama adireshi.

7/ A 1988 tsutsar Morris ta bazu a intanet. Cikin dabarunta har da gwada sunan mutum a matsayin kalmar sirrinsa, kuma ta dace da wasu. Lokacin kowa na iya karanta /etc/passwd. Yanzu kalmomin sirri na ɓoye a /etc/shadow.

8/ Da kwamfutoci suka yi yawa, ba zai yiwu a bi su ɗaya-ɗaya ana rubuta suna ba. Kamfanin Sun ya kawo NIS, LDAP ya zo a 1993, Active Directory ya zo da Windows 2000. Rajista ɗaya, kowace na'ura ta tambaye ta.

9/ Yanzu katoɓarata. Wata ma'aikaciya ta bar aiki, na goge asusunta amma na bar fayilolinta. Sabon ma'aikaci ya zo, na buɗe masa nasa. Ashe lambarta ce ta ƙarshe a jeri, sai sabar ta ba shi ita. Sunansa daban, lamba ɗaya.

10/ Wallahi duk abin da ta bari ya zama nasa, har wasiƙar da ta rubuta wa shugabanmu kan rashin lafiyarta. Allah ya sa mutumin kirki ne, shi ya zo ya faɗa min. Ranar ban yi barci ba.

11/ Manya ma sun faɗa ramin. A 2013 Yahoo ya sake rabon sunayen imel da aka shekara ba a taɓa ba. Sabbin masu su suka riƙa samun saƙonnin tsofaffin.

12/ Ɗan'uwa mai kula da saba: in mutum ya tafi, kulle asusunsa, kar ka goge. Kar ka maimaita suna ko lamba.

13/ Ku kuma, wane imel ko lambar waya kuka ɗaura wa wannan asusun? In kun watsar da shi aka ba wani, makullin gidanku yana hannunsa. Ku duba yau.