Shekara Uku A Hanya, Dare Ɗaya A Ruwa: Yadda Kakanninmu Suka Tsallaka Bahar Maliya

Yau shirin namu zai faro ne daga wata gona.

A ƙauyenmu, can tsakanin Dambatta da Makoɗa, akwai wata 'yar gona da ba ta kai eka biyu ba. Wanda ya san arewacin Kano ya san yadda ƙasa take da tsada a wajenmu. Gona na jikin gona, gida na kallon gida, ba a barin ko taku ɗaya ya huta. Da rani jakai ke ɗauko taki a mangala, da damina a zuba gero da dawa da gyaɗa da wake. A irin wannan wuri ne aka bar gonar nan sama da shekara 20 ba a raba ta gado ba, domin mai ita bai mutu ba a sanin mutane, bai kuma dawo ba. Ƙanen kakana ne. Tare suka fita aikin Hajji, kakana kaɗai ya dawo. Abin da ya raba su shi ne zaɓin jirgin da za su hau.

Bari mu koma baya kaɗan. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, hanya biyu ce ke kai mutumin Kano Makka, kuma ko wacce ka bi sai ka hau ruwa. Akwai ta manya: a shiga jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, a sauka Ikko, a hau jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can a gangaro ta Masar zuwa Jidda. Ita Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi a 1921, Alhassan Ɗantata ma ta Ingila ya bi. Wannan tafiya ce ta ɗaki da gado da abinci a tebur. Sai kuma ta talaka, wadda aka fi bi nesa ba kusa ba: a fuskanci gabas, Maiduguri, Dikwa, Fallomi wato Injamena ta yau, Abeshe, Jinena, Fashir, har Ubayyid, inda layin dogon Sudan ya tsaya tun 1912.

Ita su kakana suka bi. Sun tashi bayan kakar 1945, da suka sayar da gyaɗarsu, kakana ya jinginar da gonarsa, ƙanen ya bar tasa a hannun dangi. Kuɗin bai kai su ko'ina ba. Sai da suka tsaya tsintar auduga a Jazira, wannan babban aikin noman ban ruwa da ya kankama bayan gama madatsar Sannar a 1925. Can suka tarar da Hausawa da Fulani jingim, har da garin Mai Wurno a bakin kogi, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yawa an zo wucewa ne aka zauna, aka haifi 'ya'ya da jikoki, ana nan ana cewa gobe za a ƙarasa. Su kakana dai sun tara abin da suka tara, a 1948 suka isa Sawakin.

Sawakin tsohuwar tashar jiragen ruwa ce, da gidajenta na dutsen teku a kan ɗan tsibiri. Tun da aka buɗe Fot Sudan a 1909 ciniki ya koma can, garin ya fara zama kufai, amma alhazai ta nan suka ci gaba da tashi, saboda nan wurin killace su yake, wanda suke kira karantina. Kakana ya ce ranar da ya fara ganin teku sai da ya zauna a ƙasa. Mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne kogin Tomas in ya kawo da damina, yau ga ruwa ba gaɓa. Ya ɗiba ya kai baki, ya tofar. Ya ce, “Kai ja'iri, ashe akwai ruwan da mutum zai mutu da ƙishirwa a tsakiyarsa.”

To me ya kawo karantina? A 1865 kwalara ta ɓarke a Makka lokacin Hajji, ta kashe dubban alhazai, masu komawa gida a jiragen ruwa suka kai ta Masar, daga nan ta shiga Turai. Tun daga lokacin gwamnatoci suka sa ido a kan jiragen alhazai. Aka kafa wuraren killacewa, kamar na tsibirin Kamaran da na Ɗur a gefen Sina'i, aka yi ta tarurruka, har da yarjejeniyar lafiya ta Faris a 1926, wadda ta yi maganar likita a jirgi, da filin da kowane alhaji zai samu, da ruwan sha aƙalla lita 5 a yini. Saboda haka kafin ka hau jirgin hukuma a Sawakin, sai an yi maka lamba ta agana da allurar kwalara, sai kana da takardar tafiya, sai ka biya kuɗin jirgi da sauran kuɗaɗen da ake karɓa a kan alhaji. Sannan ka zauna jira.

Jiran nan shi ne jarrabawa. Kuɗi na ƙarewa, ruwa saye ake yi, ga zafi. Ana cikin haka sai dillalai su riƙa zagayawa da dare, da Hausarsu tas, suna raɗa wa mutane cewa akwai sambuk. Sambuk jirgin katako ne na Larabawa, iska ke tura shi da ƙyalle. Ba allura, ba takarda, kuɗinsa kaɗan. Ana tashi a ɓoye daga wani lungu na gaɓar, wasu ma sai sun gangara wajen Masawwa a ƙasar Eritiriya, a sauke su kudu da Jidda, wajajen Lis ko Kunfuza, su ƙarasa a ƙafa. Kada mu yi wa tarihi ƙarya: dubban mutanenmu ta haka suka tsallaka, suka yi Hajjinsu lafiya. Amma wasu iska ta ɗauke musu kwana da kwanaki a tsakiyar ruwa har guzurin ruwansu ya ƙare, wasu an sauke su a inda ba rijiya, wasu kuma sun faɗa hannun masu sayar da mutane, domin sai a 1962 aka haramta bauta a Saudiyya a hukumance.

Ƙanen kakana ya ce shi sambuk zai hau. Ya ce, “Yaya, in muka biya na hukuma, da me za mu ci abinci a Makka?” Kakana ya ce masa, “Ka yi haƙuri, shekara uku muka yi a hanya, kwana goma ba za ta kashe mu ba.” Suka kwana a kan haka. Da asuba ya ga tabarma ba kowa. Ya bar masa rabin garin gero da saƙo a bakin wani mutumin Gezawa cewa su haɗu a Jidda.

Nan ne nasihar tsofaffin alhazai take farawa, irin wadda ake ba duk mai shirin hawa. Na ji ta daga bakin kakana ba sau ɗaya ba, a zaure, bayan sallar isha.

Ta farko a kan hawa ce. Takardarka da kuɗinka su kasance a jikinka, a ɗinke cikin lalita a ƙugu, ba a cikin kaya ba, domin kaya na iya bin wata hanya kai ka bi wata. Ku hau a ƙungiya, 'yan gari ɗaya, ku naɗa madugu. Mai ƙarfi ya fara hawa ya shimfiɗa tabarmi ya kama wuri, sauran su taimaki mata da tsofaffi a kan matakala. Kuma a nemi sama inda iska ke kaɗawa, kusa da tsakiyar jirgi, a guji ciki. Kakana bai san dalilin ba, ya dai ga waɗanda ke goshin jirgi da ƙarshensa sun fi galabaita. Dalilin kuwa shi ne tsakiya ta fi ƙarancin tangaɗi, har yau shawarar da ake ba mai jin jiri a ruwa ke nan.

Ta biyu a kan ci. Kada ka cika ciki da maiƙo daren tafiya, kada kuma ka hau da yunwa. Guzurin jirgi shi ne abin da ba ya neman wuta: gumba, garin gero da za a dama da ruwa, ƙuli-ƙuli, dabino, busasshen nama in da hali. Kuka da kuɓewa da daddawa a bar su a ƙulle sai an sauka. Tsamiya kuwa a ajiye ta kusa, in zuciya ta fara tashi a tsotsa. Babban abin da ma'aikatan jirgi ba sa wasa da shi shi ne hura wuta a inda mutane ke kwance. Wuta a jirgi ba ta da wajen gudu. A watan Mayun 1930 wani jirgin alhazai na Faransa mai suna Asia ya ƙone a mashigar Jidda, sama da mutum 100 suka rasu, ga gari ana hangowa. Sai ruwa: cika salkarka da butarka kafin ka hau, ko da an ce za a raba. Alwala kuwa da ruwan teku ake yi, a guga, tunda mai tsarki ne, na sha a bar shi na sha.

Tsallakawar kanta ba ta da tsawo. Tsakanin Sawakin da Jidda wajen kilomita 300 ne. Kakana ya ce sun tashi da yamma, washegari suna hango fararen gidaje. Har malaman fiƙihu sun ambaci Sawakin da suna a littattafansu: da yawansu sun ce wanda ya taso daga can kai tsaye zai iya ɗaura harami a Jidda, don yana isa gare ta kafin ya yi daidai da wani miƙati. Duk da haka wasu tun a jirgi suke ɗaurawa, kowa da abin da malaminsa ya gaya masa.

Ta uku a kan sauka, kuma kakana ya ce ita ta fi hatsari. A lokacin manyan jirage ba sa matsowa bakin gaɓar Jidda, saboda duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa. Can nesa suke tsayawa, ƙananan jirage su zo su yi jigila. A nan ake turereniya, a nan kaya ke faɗawa ruwa, a nan yaro ke rabuwa da uwarsa. Nasihar ita ce kada ka yi gaggawa, ƙasa ba za ta gudu ba. Ka riƙe sunan muɗawwafinka a ka, domin shi za a tambaye ka, wakilinsa ne zai karɓe ka. Kada ka canja kuɗinka duka wajen mutum na farko da ya tare ka. Abu mafi girma: kada ka ba kowa riƙon yaronka, ko da ya yi maka Hausar Kano, ko da ya ce aikin gida zai samar masa.

Kakana ya tarar da Jidda tana canjawa. A 1947 aka rushe ganuwarta, a shekarar kuma aka jawo mata ruwan Aziziyya daga Wadi Faɗima, bayan shekaru tana dogaro da tankunan ruwan sama da injin tace ruwan teku da suke kira kindasa. Shi ba wannan ne a gabansa ba. Unguwar Takari ya nufa, inda mutanenmu ke zaune a bukkoki a gefen gari, yana bi gida gida yana kwatanta ƙanensa. Ya yi mako guda yana cigiya. Ya tafi Makka a ƙafa, tafiyar dare biyu ana yada zango a Bahara, ya yi cigiya a can, a Mina ma ya yi. Bayan Hajji ya ƙara shekara guda yana ga-ruwa, duk wanda ya fito ta Lis ko Kunfuza sai ya tare shi. Babu wanda ya ce ya gan shi.

Lokacin da ya juyo gida, duniyar ta fara sauyawa. A 1948 wasu attajiran Kano, irin su Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, ana ɗaukar mutane a manyan motoci, daga baya jirgin sama ya shigo. Tafiyar shekaru ta koma ta makonni, yau kuma daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda ba ta kai yini ba. Ya fanshi gonarsa da kyar. Ta ƙanen kuwa shi ya riƙa noma ta, yana ware amfaninta a rumbu daban, yana ciyar da 'yar da ya bari. Dangi sun yi ta magana a raba, yana cewa a dakata. Sai da ya tsufa ya yarda aka je gaban alƙali aka yi hukuncin wanda ya ɓata.

Na kawo wannan tarihi ne saboda dillalin nan na Sawakin bai mutu ba, kaya kawai ya canja. Yau yana Agadas, yana gaɓar Libiya, yana ma cikin wayarka, yana cewa ba biza, ba jira, kuɗi kaɗan. A ƙauyukanmu na Bichi da Kunci da Tsanyawa da Minjibir har yanzu ana sayar da gona a ba shi. Ni ba na zagin ƙanen kakana, lissafinsa na talaka ne, kuma tambayar da ya yi gaskiya ce: da me za a ci abinci? Amma jirgin da aka rubuta sunanka kafin ka hau, ko ya nutse za a san inda za a aika ta'aziyya. Wanda ba a rubuta ba, mutanen gida ne ke biyan sauran kuɗin, shekara da shekaru.

'Yar da ya bari tana nan da ranta, ta haura 80. Ta je Hajji ta jirgin sama. Ta ce da suka zo saman Bahar Maliya ta roƙi wanda ke kusa da taga ya ba ta wuri, ta leƙa, ta yi wa mahaifinta addu'a.

In akwai irin wannan labari a gidanku, ku tambayi tsofaffi tun suna nan. Allah ya jiƙan magabatanmu, waɗanda suka isa da waɗanda hanya ta riƙe.